Ranar da Goggo Barakatu Ta Fara Dangwala Ƙuri'a

"...Lafiya lau, tsohuwa. Ashe yau ma kin farka?"

"Na farka, mijin banza. Sai na ga furfurarka zan tafi."

Hamza ya jingine babur ɗinsa a zaure. Daga Samaru, inda yake aiki a gonar gwaji, ya taso cikin yayyafi, don ya kai kakarsa Goggo Barakatu rumfar zaɓe. Asabar ce ta daminar 1979, ana zaɓen 'yan Majalisar Dattawa, kuma a zaɓen tarayya ba a taɓa barin matan Arewa su jefa ƙuri'a ba sai bana. Ya tarar da ita a tsakar gidansu na Hanwa tana tsince wake a faifai.

"Tashi mu je a zaɓi dattawan da za su wakilci Jihar Kaduna a Ikko."

"Dattawa? To me ya sa ba a aiko mini da mota ba? Duk Hanwa wa ya girme ni?"

"Masu haƙori suke nema."

"Ai na sani, ci za su je yi. Wanda kakanka ya zaɓa kafin 'yancin kai, har tashar jirgi muka raka shi, siriri kamar kai, ya ce zai kawo mana famfo. Da ya dawo, sai da aka faɗaɗa ƙofar zaurensa."

"Na bayansa fa?"

"Gilashin motarsa kawai muka sani. Kafin ya sauke shi, soja suka sauke su duka. Daga nan sai rediyo ya zama wakilinmu."

"Yanzu har biyar za a tura."

"Ɗaya ma bai kawo famfo ba. Biyar sai su tafi da rijiyar."

Hamza bai yi dariya ba. Ya lura tun shigowarsa ƙwayar wake ɗaya take juyawa a hannu, ba ta jefa ba. Ya tsuguna kusa da ita.

"Tsohuwa, tsoro kike ji."

"Ubanka na haifa, me zan ji tsoro?" Sai ta rage murya. "An ce takarda ake miƙa wa mutum. In tsaya gaban yaran unguwa ina juya ta sama da ƙasa?"

"Babu karatu a ciki. Alamar jam'iyya ce, zane. Ki duba wadda ta kwanta miki, ki dangwala babban yatsa. Da yatsan nan kika shekara ashirin kina dungure mini goshi, ban taɓa ganin kin kuskure ba."

"Goshinka ai fili ne, ko makaho ya samu."

"To takardar ta fi shi faɗi."

Ta dube shi, ta ture faifan gefe, ta shiga ɗaki. Can sai ga ta da mayafin da take zuwa biki da shi. Ta kwance haɓar zani, ta ɓara goro, ta miƙa masa babban ɓarin.

"Ungo, direba. Ka ci nasara yau. Amma ka bi da ni a hankali. In ka kayar da ni a taɓon nan, Kaduna ta rasa ƙuri'a, kai kuma ba mai sake aurenka da wannan goshin."