Zoɓon Ƙarin Jini

Likita a Kankiya ta ce ciwon suga na kashe jajayen ƙwayoyin jinina tun lokacinsu bai yi ba. Na gyaɗa kai, don mai jin harshe huɗu ba ya cewa bai gane ba.

Lokacin da na zauna a Khartum kowa zoɓo yake sha, ban ga wanda jininsa ya ƙare ba. Tunda ja ke mutuwa, ai ja za a mayar. Sati biyu ina ɗirkarsa, da sukari saboda tsami, har na yanke jiki na faɗi a masallacin Mawashi.

Da aka kai ni asibiti likita ta ce, "Baba, wa ya ba ka wannan shawara?"

Matata Hajiya ta nuna ni.

Har yau ban ga inda na kuskure ba. Taubashina kuwa, da ya hango mai zoɓo sai ya ce, "Alhaji, jini ya iso. Leda nawa za a ƙara maka?"