Rasuwar Katifar Malamin Tarihi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai cike da majina, Malamin tarihi na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar katifarsa.

Marigayiyar ta shigo gidan rana ɗaya da matarsa, ta kuma ci gaba da zama bayan an kai matar makwancinta. Mai kawaici ce. Duk abin da ta gani ba ta taɓa faɗa ba, in ban da "ƙiiƙ" idan an juya a kanta. Kowa ya shaide ta da riƙon amana, domin a ɓangaren bango ta adana kwarmin da jikin matar ya bari, bai taɓa cikewa ba. Malam ya hana a juya ta, balle a shanya, kada rana ta kwashe ɗan ƙamshin nan mai sanyi da ke tashi daga wajen. A kwarmin nan 'yarsa Auta take kwana tun da ta rasa uwa.

Ciwon ajalin a ƙirjin Auta ya fara bayyana: tari, da numfashi mai kukan usur. Likita ya saurara, ya ce, "Malam, a kan me yarinyar nan take kwana?"

Ƙanwar Malam ce ta ɗaga katifar. Funfuna ce iri-iri a ƙasa: fara kamar auduga, koriya irin ta tsohon burodi, da baƙa wadda ta riga ta haura bango.

"Yaya, wannan ne ƙamshin naka?" in ji ta. "To zaɓi, ko katifa ko 'yarka."

Malam, da ya tsufa yana koya wa ɗalibai cewa dauloli daga ƙasa suke ruɓewa, ya nemi kujera ya zauna.

Marigayiyar ta bar gado, da filo biyu da ake zargi, da baƙin tabo a bango mai tsawon mace a kwance. An kankare shi, ya dawo.

Za a fitar da ita ranar Asabar da hantsi, naɗe cikin leda, zuwa motar masu kwashe shara. Ana roƙon mahalarta su rufe hanci, kada kuma kowa ya yanki soso don tunawa. Auta ba za ta halarta ba. Tana gidan goggonta, tarin ya lafa. Ta dai aiko wa Malam da tambaya: "Baba, in na dawo, a ina Mama za ta kwanta?"