Woshar da Na Rataya a Makulli

Ko da zan mance sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwar matata a Kaoje ba. Ni malamin lissafi ne a Bagudo, kuma irin mutanen nan ne da in sun kalli bidiyo ɗaya a waya sai su ji sun gama digiri. A lokacin ban daɗe da sayen wata tsohuwar mota 'yar Kwatano ba, ina ji da ita kamar ni na haife ta.

Ana gobe ɗaurin aure na yanke shawarar yi mata juye, wato canjin baƙin mai, da kaina. Na aro sifana, na sayo galan na baƙin mai, na ɗauko robar wankin Balki (matata ke nan, kuma har yau ba ta yafe robar ba), na shige ƙarƙashin mota. Na kwance notin da ke toshe mafitar mai, tsohon mai ya zube, rabi a roba rabi a hammatata. Na mayar da noti, na ɗura sabo. Da zan zubar da tsohon sai na ga wani ɗan zobe na jan ƙarfe a gindin robar.

"Baban Nana, wannan fa? Ba daga motar ya fito ba?" in ji Balki.

Na ce mata Turawa ne da son ƙawa, ba ya aikin komai. Na wanke shi tas na rataya a jikin makullin mota, don ya yi mini kyau.

Washegari tun daga Bagudo har Kaoje ina yi wa Balki lacca a kan yadda bakanikai ke raina wa mutane hankali. Da muka isa na ajiye motar daidai ƙofar gidan surukina, inda kowa zai gani. Wurin da ɗan gangara, kuma motar ta yi inuwa, sai aka shimfiɗa wa dattawa tabarma a gefenta. Surukina, wanda ya tsufa yana tuƙa babbar mota tsakanin Lolo da cikin Benin, ya zauna a bakin tabarmar cikin farar shadda, ya jingina da taya. Ni kuwa na bi jama'a ɗaya bayan ɗaya ina sanar da su cewa da hannuna na yi juye (babu wanda ya tambaye ni).

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, Baba, wato surukin nawa, ya miƙe zai gaisa da dangin ango. Sai kowa ya zuba masa ido. Bayan rigarsa tun daga ƙugu har ƙasa ya jiƙe sharkaf, launin nan da ba wanda zai yi wa kyakkyawan zato. Wani dattijo ya kau da kai yana salati. Baba ya shafo, ya sansana, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya laluba notin da yatsa.

"Malam, wa ya yi ma motar ga juye?"

Jama'a suka amsa a madadina, baki ɗaya.

"To ina woshar notin?"

"Wosha, Baba?"

"Ɗan zoben da ka toshe bakin, kar mai shi ɗiga."

Makullin yana hannuna, dama tun ɗazu nake kaɗa shi don a san mai mota. Baba ya dube shi ya daɗe, sannan ya ɗaga hannuna sama kamar ɗan dambe ya yi kisa.

"Jama'a, ga ta nan! Ado munka yi da ita."

Har liman sai da ya share hawaye don dariya. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi, wataƙila don ta sha mai ta ƙoshi. Baba ya tuɓe rigar, ya aika aka sayo sabuwar wosha da wani galan, ya kwanta a ƙasa daga shi sai 'yar ciki ya gyara ɓarnata a gaban baƙi, ni kuma ina tsugune riƙe da kwano kamar mai jiran sadaka. Ya ce da mun kama hanyar gida a haka, da injin ya ƙone kafin mu kai rabi.

Yanzu ko ɗalibaina Malam Wosha suke ce mini in na juya baya. Abin da na koya shi ne, in ka kwance abu ka mayar sai ka ga wani guntu ya yi saura, ba wanda ya ƙera shi ne wawa ba. In kuma ka ga dole sai ka yi wauta, to ka yi ta bakinka alaikum, kuma ka ajiye motarka nesa da surukinka.