Yanken da Na Nuna wa Surukina

Da ƙaramar salla na ɗauki matata Hadiza da mahaifinta zuwa wani tafki bayan Rigachikun, inda iyalai ke zagaya bakin ruwa a ƙafa, a inuwar itatuwa. Na sha farar shadda sabuwar bugu.

Mun yi rabin zagaye sai Baba ya ce, "Mu koma ta inda muka fito, la'asar ta kusa."

Surukin kirki "to" yake cewa. Ni kuwa na ce, "Baba, akwai yanke. Na san wurin nan kamar yunwar cikina." Sau ɗaya na taɓa zuwa.

Na shige gaba, na taka wata ciyawa kore shar. Ashe laka ce a ƙarƙashinta. Na nutse har ƙugu. Dattijon da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, shi ya miƙo sandarsa ya jawo ni. Hadiza ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Zanen da muka zo da shi don shimfiɗa na ɗaura, na tuƙo mu har gida Kinkinau.

Baba bai taɓa tada maganar ba. Sai dai duk ranar da na durƙusa gaishe shi, amsarsa ɗaya ce: "Sarkin Ruwa, ya hanya?"