Rufa'i da Zumar Kogon Kanya

"Salamu alaikum, bawan Allah. Don Allah ko ka gane mani Rufa'i ɗan kawuna? Wani gajere na, baƙi, mai ido biyu."

"Tabawa, ban son wargi da sahen ga."

"La'ilaha! Murya tashi ta, huska ko ta wani ta. Wa yab ba ka aron leɓen raƙumi?"

Magana ma da ciwo take fita daga bakin Rufa'i. Idonsa na hagu ya rufe ruf, leɓen sama ya kumbura ya yi wa na ƙasa rumfa, kunne ɗaya kuwa ya yi biyun ɗan'uwansa. Kuma ba abin da ya jawo masa sai tausayin ƙarfe. Jiya ne ya kawo sabon injin ban-ruwa daga Jega zuwa fadamar bayan Jiga Makera, ya ga rana za ta ɓata masa fenti, sai ya ja shi inuwar tsohuwar kanyar da ke kan iyakar gonarsa da ta Tabawa. Ya daidaita shi, bututun hayaƙinsa na kallon kogon icen, ya ja igiya. Inji ya kama. Rufa'i ya riƙe ƙugu yana kallon abinsa yana murmushi, har ƙudan zumar da ke cikin kogon suka gaji da shan hayaƙi suka fito gaishe shi. Ya bar hula nan, takalmi ɗaya can. Yana cikin gudu ya tuna zuma ba ta bin mutum cikin ruwa, ya yi tsalle ya faɗa magudana da ciki. Sai da ya ji ƙasa a baki ya tuna ruwan da zai cika magudanar shi ne bai kai ga jawowa ba.

Injin na nan gindin kanya har yanzu, ba wanda ya iya kusantarsa, albasarsa kuwa yau kwana huɗu rabonta da ruwa. Shi ya sa ya yi sammako, damin kara a ka, kwalbar fetur a hannu, ashana a aljihu. Sai ya tarar da Tabawa zaune a kan saiwar icen, daidai ƙarƙashin kogon, bahonta a gefe rufe da zane. Uwarta ƙanwar ubansa ce. Taubasai ne tun suna wasan ƙasa, kuma shekara arba'in da ɗoriya ba a taɓa jin kalma mai daɗi ta gitta tsakaninsu ba. Dokar wasan ɗaya ce: wanda ya fara fushi shi ya faɗi.

Ya jefar da damin a gabanta. "Tashi, baiwa. Ubangidanki na da aiki."

"Baiwar wa? Kai da uwata tas saye ka da kwanon dussa, kuma har tab bar duniya tana cewa an cuce ta?"

"Ɗiyar mace ba ta da ice a gonar kakanmu. Inuwar ma aro nib ba ki."

"To naɗe inuwarka ka sa aljihu. Su dai na cikin kogon ga baƙina na."

"Baƙinki! Ashe ke kit turo su su ci mutuncina."

"Kai kak kai musu hayaƙi ba sallama, sunka hito amsa gaisuwa. Kuma gyara sunka yi maka. Da can huskarka ba ta da abin kallo, yanzu ko tun daga Aliero za a riƙa zuwa."

"Ji mai magana! Ke da zawarawa ukku sunka gani sunka koma Maiyama da ƙafa, sunka bar baburansu ƙohwar gida."

"Na huɗunsu kai na, kuma kai ko takalmi biyu ba ka da."

Rufa'i ya kwance damin ya fara jera kara a gindin icen, yana kewaye ta kamar ba ya ganinta. Bayanta gonarta ce, fangali bayan fangali na albasar iri, ta fitar da dogayen kai masu fure fari fat. Ita ba ta noman albasar kai kasuwa. Iri take fitarwa, kuma rabin masu lambun fadamar nan, har da shi kansa, daga hannunta suke samun abin shukawa. Rana ta fara leƙowa, ƙudan na farko sun fara fita daga kogon ɗai-ɗai suna nufar furen.

"Ka ga inda suka tahiya?" in ji Tabawa.

"Na ga inda za su tahi. Lahira."

"Kai za ka yi musu jagora, ko sai sun ishe ka can?"

Ya zare toshiyar kwalbar ya yayyafa fetur a kan karan. Wari ya tashi. Ba a jima ba kukan da ke cikin kogon ya sauya, daga ɗan gunaguni ya koma rugugi mai kauri, irin wanda mutum ke ji a haƙoransa. Bakin kogon ya yi baƙi da ƙuda. Tabawa ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zanenta, ta taka ta hau kan karan da ƙafa biyu.

"Sauka," in ji shi.

"Ƙyasta."

"Tabawa, hetur na."

"Ina da hanci. Ba nawa yak kumbura ba."

"Wallahi ki sauka."

"Wallahi ka ƙyasta. A ce ɗan kawu ya gasa ɗiyar gwaggo don ya ji tsoron ƙuda. Har jikokinka sai an yi musu waƙa da shi."

Ya ciro ashanar. Ya zaro tsinke ɗaya ya ɗora kansa a jikin kwalin. Shi kansa ya san ba zai ƙyasta ba tana tsaye a wurin, amma ya san kuma in ya mai da tsinken, ya mai da shi har abada. Zafi ya taso masa daga ƙirji, irin wanda dokar wasa ta hana.

"Ba wasa nika yi ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tahi ki duba albasata. Ganye ya kwanta. In anka ƙara kwana biyu ba ruwa, noman bana ya tahi, kuma mutum goma sha ɗaya ka cin tuwo gidana. Ice na, ƙuda na. Su koma wani kogon."

"Wane kogon?"

"Daji ya ƙare na?"

"Ya ƙare. Ƙirga da kanka. Ɗorawar bakin gulbi ta zama gawayi. Kukar gonar Sa'idu, yara sun sa mata wuta don zuma kwano guda. Na tsamiyar hanyar Katanga, feshi yak kashe su, nig ga gawarsu ƙasa kamar an zubar da baƙin wake. Daga nan har can, wanga kogon kaɗai yar rage, Rufa'i."

Sunansa da ta kira tsirara, ba gajere, ba ɗan kawu, ya sa ya ɗago ido ɗayan da ke aiki. A daidai lokacin wani ƙuda ya sauka a kan fatar idon, ya tsaya.

"Kada ka motsa," in ji Tabawa da sauri. "Kada ka mare shi. Ka kashe guda, warinai na kiran sauran, dut su hwaɗo mana."

Rufa'i ya sandare. Yana jin ƙafafun abin suna tafiya a kan girarsa, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya sauka a wuyansa, wani a bayan hannun da ke riƙe da tsinken ashana. Gumi ya keto masa duk da sanyin safiyar. A sama rugugin sai ƙaruwa yake.

"Tunda Allah ya ruhe maka baki," in ji ta, tana magana a hankali kamar mai lallashin jinjiri, "bari in hwaɗa maka abin da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ka tuna bara waccan, da irina bai yi ba?"

Ya tuna, har ma ya fi ta tunawa. A shekarar ne ta shiga gari tana cewa Rufa'i ya tsaya bakin gonarta ya ce "kai, wannan fure ya yi kyau", kuma daga ranar iri ya lalace. Wasa ta yi, amma gari ya ɗauka da gaske. Shekara biyu ke nan in ya doso lambu sai ya ga ana jan buhu ana rufe dashe. Har akuya aka taɓa ɓoyewa don kada ya yabe ta.

"Ba bakinka ba na," in ji Tabawa. "Ni ta. Gidan sauro nit tattaro, guda shida, na ɗiyana da na maƙwabta, niɗ ɗinke su wuri guda, nil lulluɓe gonar tun hure bai buɗe ba. Wai kada ƙwari su taɓa mani iri. Kwana arba'in ko ƙuda guda bai shiga ba. Kai ya yi kyau, ya bushe, nik kai gida nis sussuka. Holoƙo. Dut holoƙo, babu ƙwaya ciki, sai layi guda na can gehe da gidan sauron bai kai ba, inda waɗanga ka sauka. Shi kaɗai yay yi ƙwaya. Nit tahi a ɓoye nit tambayi malamin gona a Aliero. Yac ce mani, Inna, kin ruhe ma'aikatanki waje, su ka ɗaukar garin hure daga wanga kai zuwa wancan, in ba su ba iri."

Ƙudan da ke kan idonsa ya ɗan karkaɗa fiffike, ya tashi. Rufa'i ya buɗe idon a hankali. Ya dubi farin furen, ya dubi kogon, ya dubi Tabawa da ke tsaye a kan karan da ya jiƙe da fetur.

"Ke," ya ce. "Ke kis sa ma albasa gidan sauro?"

"Na sa."

"Shida?"

"Na ce shida."

"Ɗiyanki na kwana sauro na cin su, albasa na barci cikin gidan sauro kamar amarya?"

"Rage murya, suna jin ka."

"Kuma kib bari anka ɓoye mani akuya!"

"Akuyar ba ta yi asarar komi ba."

Dariya ta taso masa, ya danne, ta ƙi dannuwa. Ta fito ta hanci, ta ja leɓen da ya kumbura har hawaye ya zubo daga idon da ke rufe. Ya dafe baki yana nishi, yana dariya, yana "wash". Tsinken ashanar ya faɗi cikin ƙasa, bai ma lura ba.

"In ka gama kukan," in ji ta, "ka sani irin da za ka shuka baɗi na can kan huren ga, kuma bai zama iri ba tukuna. Ƙone su yau, ka sha ruwanka bana, baɗi kuma ka shuka tsakuwa."

"To injina hwa? In bar musu gado?"

"Ja karan ga nesa tukuna, warin na haukata su. A hankali, ba irin gudunka ba."

Ta sauko. Shi da ya jera karan shi ya kwashe shi, runguma bayan runguma, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har can bayan magudana. Ya dawo ya watsa ƙasa a inda fetur ya zuba. Sannu a hankali rugugin ya fara sauka, baƙin da ke bakin kogon ya rage, ƙudan suka koma bin hanyarsu ta zuwa fure. Amma injin na nan taku uku daga kogon, kuma ƙafar Rufa'i ta ƙi yin takun.

Tabawa ta yaye zanen da ke kan bahonta, ta zaro wani tsohon gidan sauro mai ɗinki a tsakiya, ta warware shi.

"Ungo. Lulluɓa, ka jawo ƙarhen naka can bakin rijiya. Mesata ta ban-ruwa na gida, in taka ba ta kai ba ka aika a ɗauko. Rana ba ta taɓa kashe inji ba."

Ya karɓa yana jujjuya shi. "Ɗaya daga cikin shidan na?"

"Shi na."

Ya jefa shi a ka, ya sauko masa har gwiwa, ya tattare bakin a ƙugu. Daga ciki muryarsa ta fito, ta dawo da ƙarfinta na kullum.

"Na bar maki ƙudanki, baiwa. Amma ranar kasuwar Aliero sai na hau kan buhu na ba da labarin ga. Kuma ki tabbata abin ga na tsare mutum?"

"Shiga ba tsoro, ɗan kawu. Aibinai guda na: abin da nir ruhe da shi dut holoƙo yaz zama. Kai ko da holoƙonka kaz zo duniya, babu asarar da za a yi."