Ranar da Cikina Ya Sa Baki a Neman Aure

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka je Magarya nema wa ƙanena Bello aure ba.

Lokacin ban daɗe da sanin ina da hawan jini ba, ga ni da shegen son bin diddigi. Wata ma'aikaciyar jinya a Wurno ta faɗa mini cewa masana suna ganin akwai alaƙa tsakanin hawan jini da wasu ƙananan halittu da ke zaune a hanjin mutum, wai masu amfanin cikinsu suna son wake da albasa da nono. Abin ya tsaya mini a rai. Wato shekara da shekaru ina yawo da baƙi a ciki, ban taɓa tambayar abin da suke ci ba? Sai na duƙufa ciyar da su safe da yamma (maganina dai ban daina sha ba, haukar ba ta kai can ba).

Ranar ni aka wakilta in yi magana. An gama gaisawa a zaure, kowa ya yi tsit, zan buɗe baki ke nan sai cikina ya riga ni. Ya yi ƙugi mai tsawo, ya huta, ya ƙara.

Kawun yarinyar ya dube ni. "Ɗana, mi ka damunka?"

Da na ce yunwa ce, da an yi dariya an wuce. Ina! Sai na gyara zama na shiga bayani, cewa wasu halittu ne ba iyaka a hanjina, ina kiwonsu saboda hawan jini.

"Kiwo?" Dattijon ya ɗan ja da baya. "Shi yaron, shina da su?"

"Sosai, Baba. Ai tun daga wurin uwa ake fara samunsu."

Baffana da ke gefe ya mintsine ni, amma ya makara.

"Ashe abin na gado na," in ji dattijon, ya turo mana goronmu. "Ku tahi a wanke ma yaron ciki, sannan mu yi magana."

Na ji kunya kamar in nutse. Sai da wani malamin asibiti ɗan garinsu ya rantse wa dattijon cewa kowa na da su, har shi kansa, sannan aka karɓi goron. Bello kuwa bai sake yi mini magana ba sai bayan ɗaurin aure.

Tun daga ranar na ɗauki darasi: in ciki ya yi magana a gaban surukai, kada ka zama tafintansa.