Famfo Mai Ido da Bokitin Tsohon Tela

"…lafiya ƙalau, sai godiya. Ya gajiyar hanya? Tsaya, tsaya! Kar ki taka wannan, ruwa ne a ciki."

"Wane irin ruwa kuma a bakin ƙofa, angona?"

"Ɗaga ƙafa ki tsallake. A'a, ba nan ba, nan ma ruwa ne."

Jikar tsohon telan ce ta iso, wadda yake kira Amarya idan suna shiri, Injiniya kuwa idan yana neman tsokana. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha, kuma aikin kammala karatunta na'urori biyu ne da ta haɗa da hannunta. Ɗaya famfo ne mai zubo da ruwa daga tanki idan an miƙa masa hannu, ya tsaya idan an janye. Ɗayar fitila ce mai kamawa idan mutum ya motsa a ɗaki, ta mutu idan motsi ya ɗauke. A gidan kakan nata ta ɗaura su makon jiya, domin malaminta ya ce ba zai ba da maki ba sai ya ga suna aiki a gidan da mutane ke zaune. Yau da yamma zai zo. Idan ya tarar ba sa aiki, sai ta maimaita shekara.

Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon tsakar gida. Daga ƙofa har ɗakin girki babu wurin sa ƙafa. Bokitai ne da bahuna da tukwane da jarkoki da kofuna, har da gwangwanin da tsohon ke tara maɓallai a ciki, kowanne cike fal da ruwa.

"Sayar da ruwa ka fara? So kake a ce mijina ya zama ɗan garuwa da furfurarsa?"

"Ɗan garuwa ai ya fi ni hutawa. Shi ne ke bin ruwa, ni kuwa ruwa ne ke bi na."

"Ban gane ba."

"Ni ma ban gane ba, ni da abin ya faru a kaina. Je ki gaishe da ɗanki, ga shi can jikin bango."

Ta bi ta tsakanin tukwane har wurin famfon, ta miƙa hannu. Shiru. Ta sake miƙawa, ta kaɗa yatsu. Famfon ya yi wani ɗan tari, ko ɗigo bai fito ba.

"Ina ruwan tankin? Cike na bar shi!"

"Ga shi nan kina tsallakawa tun ɗazu."

"Duka?"

"Ko cokali ɗaya bai zube ba. Ki tambayi bayana, shi ya yi dakon."

"Tsoho mai ran ƙarfe, me ka yi wa famfona?"

"Me famfonki ya yi mini dai. Kina fita na ɗauko bokiti na ajiye a ƙarƙashinsa."

"Don me?"

"Ji wata tambaya! Tun kafin a haifi ubanki nake ajiye bokiti a ƙarƙashin famfo. Famfo ba bokiti ai tsirara yake. In ruwa ya zo ba kowa a wurin, wa zai tare shi?"

"Wancan famfon titi ne, mai zuwa ranar da ya ga dama. Wannan ruwansa yana cikin tanki, babu inda zai je."

"To ya je. Ina ajiyewa ya fara zuba. Na kai hannu in rufe, babu kan da zan murɗa, kin cire. Na ce masa ya isa haka. Na faɗa da lallami, na faɗa da tsawa. Halinki ya ɗauko, ba ya jin magana."

"Bokitin yake gani! Duk abin da ya tsaya a gabansa, ɗauka yake hannu ne."

"Hannu? Wa kika taɓa gani da hannu mai mariƙi?"

"Da bokitin ya cika fa?"

"Na janye shi. Sai ya tsaya cak."

"To ka gani! Ai shi ke nan, sai ka bar shi haka."

"Na ce madalla, ya shiryu. Sai na kawo wani bokitin na ajiye."

"Wani kuma? Na mene ne?"

"Don kar ya sake farawa ba kowa a wurin mana. Kuma kin ga gaskiyata, ina ajiyewa ya sake farawa. Da ban ajiye ba, da ina ruwan zai zuba?"

A lokacin ne kunnenta ya tsinci wata ƙara mai fitowa daga ɗakinsa, wadda ba ta tsaya ba tun shigowarta. Ta ɗaga labule ta leƙa. Fitila tana ci. A tsakiyar ɗakin fanka ce ta tsaye tana juyawa dama da hagu, an ɗaura mata dogon ƙyalle ja yana ta kaɗawa.

"Wannan kuma fa? Tutar wace ƙasa ce?"

"Ma'aikaciyata ce. Ita na ɗauka aiki."

"Aikin me?"

"Aikin motsi. Fitilarki ta yanke hukunci cewa na mutu. Ina zaune ina sa zare a allura, sai ɗif, duhu. Na ɗaga hannu, ta kama. Na sauke, ta mutu. Haka na wuni ina ɗaga wa rufi hannu kamar mai tsayar da mota. Maƙwabci ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko lafiya."

"Ai haka na tsara ta! In ba kowa a ɗaki, ta kashe kanta, a rage shan wuta."

"Ni ba kowa ba ne? Mijin naki?"

"Ka cika zama kamar buhu ne, shi ya sa."

"Buhu ne ya goya ki kina majina. Da na gaji, sai na yi dabara. Fanka tana kaɗa ƙyalle, fitila tana ganin motsi, ni ina hutawa. Kowa da aikinsa."

"Tun yaushe take kunne?"

"Tun ranar."

"Dare da rana?"

"In na kashe ta ai duhu zai dawo."

"To barci fa?"

"Na rufe fuska da hula saboda haske, na lulluɓa da bargo saboda iska. Ga mura ma na samu, kyautar amarya."

"Wato fitilar da na yi don ta rage shan wuta, ka ba ta fanka tana taya ta sha."

"Famfon da kika yi don ya rage ɓarnar ruwa kuma ya kwashe tanki. Mu dai ba mu gane juna ba, ni da 'ya'yanki."

Ta zare wayar fankar, ta fito ta zauna a bakin baranda tsakanin baho da tukunya, ta dafe kai. Tsohon ya jira raddi, bai zo ba. Ya matso yana leƙen fuskarta.

"Ke, kuka za ki yi? Kar ki ƙara mini ruwa, ba ni da sauran kwano."

"Malam yana hanya, Kaka. Zai miƙa hannu, famfo ya yi masa tari. Shekarata ta tafi."

Ba ta cika ce masa Kaka ba. Ya gyara tsayuwa.

"Ruwa ne babu? Duba gabanki, duba bayanki."

"Ba a ƙasa nake son sa ba. A sama nake son sa, cikin tanki."

"Mako guda ina sauko da shi, yanzu kuma a mayar da shi inda ya fito? Wannan wane irin karatu ake koya muku?" Ya yi tsaki, ya juya. "Tashi. Akwai tsani a bayan ɗakin girki, igiyar shanya ma ta isa."

Haka aka yi. Ta hau tsani ta buɗe murfin tanki, shi kuma yana ƙasa yana ɗaura wa bokiti igiya, tana ja tana juyewa. Bakinsu bai huta ba.

"Ja da ƙarfi mana! Hannu kamar tsinken sakace."

"Kai ka cika shi da yawa. Rabi-rabi na ce."

"Rabin da ya rage a ina zan zuba? Ke, kin jiƙa mini hula!"

"Wanka na yi maka, tun da ka ƙi yi da famfona."

"Na sake ki. Ki sauko ki kwashe kayanki."

"In na sauko wa zai aure ka? Haƙori uku gare ka, biyu suna rawa."

"Da ukun nan zan ba malaminki labari tiryan-tiryan. Daga bokiti har fanka."

Igiyar ta tsaya a hannunta.

"Ba za ka yi ba."

"Me za ki ba ni in yi shiru?"

"Zan ci gaba da zama da kai."

"Wannan lada ne ko horo?"

Suna cikin haka aka yi sallama a ƙofa. Ta sauko da sauri, ta ture tukwanen da suka rage bayan labule da ƙafa. Malamin ya shigo, mutum mai tabarau da ƙarancin magana. Ya gaishe da tsohon cikin ladabi, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya dubi jiƙaƙƙiyar hula. Ya miƙa hannu ga famfo, ruwa ya zubo. Ya janye, ya tsaya. Ya maimaita, ya gyaɗa kai. Daga nan suka shiga ɗaki, fitila ta kama. Ya ce kowa ya tsaya kada ya motsa. Suka ƙame su uku, can sai fitilar ta mutu, ɗakin ya yi duhu.

"Aiki ya yi," in ji malamin a cikin duhun. "Saura shaidar mai gida. Baba, kai ka zauna da su. Sun ba ka wahala?"

Tsohon ya yi gyaran murya. Jikar tasa ta riƙe numfashi.

"Malam, tsakani da Allah, famfon nan bai taɓa yi mini rowa ba. Fitilar kuwa, tun da aka sa ta ban kwana a duhu ba."

"Madalla. To kin haye, sai ki kawo rahotonki ofis."

Ta sauke numfashi a hankali, don kada fitilar ta kama. Sannan ta ce, "Akwai gyara ɗaya da zan ƙara a rahoton, Malam. Famfon bai san bambancin hannu da bokiti ba. In aka bar masa bokiti, zuba zai yi ta yi har tanki ya ƙare. Zan sa masa abin da zai tsayar da shi da kansa."

"Ki sa, ya kamata," in ji malamin. "Amma fa wane ne zai ajiye bokiti a ƙarƙashin irin wannan famfo ya tafi ya bar shi?"

Sai kawai fitilar ta kama.

Suka juya. Tsohon ne tsaye a bayansu, hannunsa ɗaya a sama kamar ɗalibin da ya san amsa, kafaɗunsa suna rawa saboda dariyar da yake dannewa.

"Ga shi nan, Malam, bai yi nisa ba," ya ce, dariyar ta ƙwace masa. "Na sallama, Amarya, kin ci. Na mayar da ke ɗakinki."